Masana'antu Sun Cim Ma Wurin Shaƙatawa a Ibeju-Lekki

Legas: A shekarar 1984 da Otunba Wanle Akinboboye ya kafa wurin shaƙatawa na La Campagne Tropicana, yankin Ibeju-Lekki ƙauyukan masunta ne a bakin teku. Babbar hajar wurin ita ce nisa da hayaniyar Legas.

A 2023 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote a yankin. Hakan ya kawo ma'aikata masu kuɗin kashewa, amma har da manyan motoci da tsadar filaye.

Rushe wani ɓangare na Landmark Beach a 2024, domin hanyar Legas zuwa Kalaba, gargaɗi ne ga masu zuba jari a bakin teku: su fara bincika inda titin gwamnati zai bi.