Launin Asali, Salo da Mazubi a Manhajar Zanen Gini: Abin Lura ga Ma'aikatan Ƙaraye da Rogo

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana abubuwa uku waɗanda mai zanen gini da kwamfuta yakan tarar an riga an tsara masa tun kafin ya ja layin farko, watau launin asali na fuskoki, da salon bayyanar zane, da kuma mazubin da ake fara aiki a kansa. An ɗauki misalai daga ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, waɗanda dokar Jihar Kano ta shekarar 2024 ta haɗa su cikin masarautar Ƙaraye, domin ajujuwan makaranta da ɗakunan shan magani da rumfunan kasuwa na irin waɗannan wurare su ne ayyukan da ɗalibai da yawa za su riƙa zanawa bayan sun kama aiki.

Manhajar da za a dogara da ita wajen bayani ita ce SketchUp. Wani ƙaramin kamfani ne ya fito da ita a garin Bolda na Jihar Kolorado ta Amurka a shekarar 2000, Google ya saye ta a 2006, sa'an nan ta koma hannun Trimble a 2012. A cikinta kowane gini layuka ne da fuskoki. Fuska kuwa ita ce shimfiɗar da take cike tsakanin layukan da suka haɗu, kuma ba ta da kauri ko kaɗan.

Da farko dai, kowace fuska tana da gaba da baya. Idan ba a shafa mata kome ba, manhajar takan nuna gabanta fari, bayanta kuma shuɗi mai ratsin toka. Wannan shi ne launin asali. Maginin gargajiya ba zai yi mamakin wannan bambanci ba, gama shi ma yakan yi wa bayan ɗaki yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ta tsare bango daga ruwan sama, cikin ɗaki kuwa ya shafe shi da farar ƙasa. Ƙa'idar a kwamfuta ita ce gaban fuska ya dubi waje, inda ido zai gan shi, bayanta ya dubi cikin kaurin bango. In fuska ta juye, mai zane ya shafa mata fenti bai lura ba, kuskuren yakan ɓuya ƙarƙashin fentin. Sai ranar da aka kai zanen wata manhaja don a fitar da hotonsa, ko aka aika da shi na'urar da ke ƙera siffa, a ga bango ya fito babu launi ko ya ɓace ɗungum, domin da yawa daga cikinsu gaban fuska kaɗai suke karantawa. Maganin abin shi ne a riƙa komawa yanayin da yake ɓoye fenti duka ya bar launin asali kawai, a juya duk fuskar da ta nuna bayanta. Gwanaye sukan canja launin bayan zuwa rawaya ko ja mai ɗaukar ido, don kada fuska guda ta kuɓuce musu.

Haka kuma launin asali yana da wata ɗabi'a mai amfani. Idan aka tattara fuskoki cikin ƙungiya guda, aka shafa wa ƙungiyar fenti daga waje, duk fuskar da take kan launin asali za ta ɗauki wannan fenti, wadda aka riga aka shafa kuwa za ta zauna da nata. Ta haka ana iya zana taga guda, a maimaita ta sau ashirin, gilashinta bai canja ba, amma firam ɗinta ya bi launin kowane gini.

Abu na biyu shi ne salo, wanda ya shigo manhajar a 2007. Salo tarin umarni ne game da yadda zane zai bayyana: kaurin layi, launin gaba da bayan fuska, launin sama da ƙasa. Ba ya taɓa tsawon bango ko faɗinsa. Amfaninsa shi ne zane guda ya biya bukatun mutane dabam-dabam. Kansila da dagaci da shugabannin ƙungiyar iyayen yara suna bukatar hoto mai launi don su gane ginin da ake nufi. Birkila kuwa baƙin layi a kan farar takarda ya fi masa, balle ma yawancin injunan bugawa da ake samu baƙi da fari suke fitarwa. Wajibi ne a tuna cewa salo yana zaune ne cikin fayil ɗin da aka gyara shi. Wanda ya canja launi yau, ya buɗe sabon aiki gobe, zai tarar kome ya koma yadda yake a da.

Wannan ne ya kawo maganar abu na uku, watau mazubi. Mazubi fayil ne da aka adana don kowane sabon aiki ya fara daga gare shi, yana ɗauke da salo da ma'auni da wurin da ginin yake a doron ƙasa. Kamar mazubin bulo yake: in ya karkace, duk bulon da ya fito daga cikinsa a karkace zai fito. Misali, magina a Ƙaraye da Rogo da ƙafa da inci suke magana, su ce bulo mai inci tara, alhali zanen hukuma da milimita ake yinsa, inda wannan bulo yake 225. Idan mazubin na inci ne, ma'aikaci ya buga 225, bangonsa zai yi kaurin mita biyar da ɗoriya, kuma duk lissafin siminti da yashi da ya biyo baya ya ɓaci.

Batun inuwa ya fi wannan ɓoyuwa. Zanen da ba a faɗa masa wurinsa ba yakan yi lissafin rana kamar a Bolda yake, a daraja 40 arewa da tsakiyar duniya, inda rana kullum ta kudu take bi da tsakar rana. Ƙaraye kuwa ba ta kai daraja 12 cif ba, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana takan karkata arewa. Wanda ya auna faɗin baranda da inuwar Bolda zai iya barin rana ta riƙa dukan tagogin aji a lokacin da bai zata ba, yara su sha zafin da zanen bai nuna ba.

Saboda haka abin da ya kamaci kowane sashen ayyuka shi ne ya tsara mazubi guda wanda ma'auninsa milimita ne, wurinsa garin da ake aiki, agogonsa na Nijeriya, launin bayan fuskarsa mai ɗaukar ido, tare da salo biyu, ɗaya na nuni ɗaya na bugawa. A ba shi suna da shekara, a damƙa kula da shi ga mutum ɗaya, a raba wa kowa, har ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gyaran da zai ɗauki rabin sa'a a mazubi, in aka bari sai an kafa harsashi, da kuɗin jama'a za a biya shi.