Gawayin Ɓuntun Shinkafa: Rumbun Taki A Cikin Ƙasa

Tsofaffin manoman Taloka da Wurno sun san zamanin da Gulbin Rima ya kan cika ya malale fadama kowace damina, in ya janye ya bar sabuwar laka. Wannan laka ita ce takin shinkafar kakanni. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, ruwan noman rani ya samu, har mutum ya kan noma shinkafa sau biyu a shekara. Amma yawancin lakar nan yanzu a bayan madatsa ta ke kwanciya. Ga gona tana aiki rani da damina, ga abincinta ya ragu. Shi ya sa buhun takin zamani ya zama tilas, kuɗinsa kuwa kowa ya san yadda ya ke.

To, akwai wani abu da a ke zubarwa a bayan kowane injin casa, watau ɓuntu. In an auna buhu 100 na shanshera, nauyin wajen buhu 20 ɓuntu ne. Waɗansu su kan cinna masa wuta ya zama toka, iska ta kwashe. In kuwa aka ƙona shi a hankali ya tsaya a gawayi, sai ya zama dukiya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A dajin Amazon na ƙasar Barazil akwai wata baƙar ƙasa da mutanen dā suka yi da gawayi da shara, ga shi an yi ɗaruruwan shekaru tana fin ta kewayenta albarka. A 2016 masana suka ba da labarin irinta a tsofaffin jujin ƙauyukan Laberiya da Gana. Manoman Japan kuma sun daɗe suna zuba gawayin ɓuntu a wurin renon irin shinkafa.

Yadda Ya Ke Aiki

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, gawayi ba ya maye gurbin taki. Rumbu ne. Jikinsa cike ya ke da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani, su ne su ke riƙe laima da ƙarfin taki, kada ruwan ban ruwa ya wanke su zuwa ƙasa inda saiwa ba ta kai. Takin turke ya kan ruɓe ya ƙare cikin damina ɗaya ko biyu a wannan ƙasa tamu mai zafi, amma gawayi ya kan yi shekaru masu yawa bai ruɓe ba.

An gwada wannan sosai. Ma'aikatar binciken shinkafa ta duniya, watau IRRI, wadda ke ƙasar Filifin, ta zuba gawayin ɓuntu sau ɗaya tak a gonakin gwaji a Filifin da Tailan, ta bi su har shekara 4, aka buga sakamakon a 2011. A gona mai ƙarfi wadda ke samun ruwa da taki isasshe, amfanin bai ƙaru a zo a gani ba. Amma a gona mai rairayi wadda ta gaji, kuma fari ke damunta, shinkafa ta ƙaru da kashi 16 zuwa 35 cikin 100. Gawayin kuwa aka tarar yana nan cikin ƙasa.

Saboda haka wanda gonarsa ta ke tsakiyar fadama mai baƙar laka kada ya sa rai da abin mamaki. Wanda zai fi cin riba shi ne mai gona a gefen jigawa, inda a ke ba da ruwa da safe, kafin la'asar fangali ya tsotse.

Abubuwan Lura

Na fari, sabon gawayi mayunwaci ne. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Lawos, wanda aka buga a 2009, an ga shinkafa ta ragu inda aka zuba shi a gona maras ƙarfi ba tare da taki ba. Maganin wannan, a cuɗa shi da kashin shanu ko na tumaki, a yayyafa ruwa, a bar shi mako biyu ko uku ya ƙoshi tukuna.

Na biyu, gawayi ɗan'uwan toka ne, yana kashe tsamin ƙasa. Inda kanwa ta riga ta fara fitowa fari fat a bisa fangali, kada a zuba sai an shawarci malamin gona.

Na uku, kada kowa ya sare itace don wannan. Ɓuntu da karan dawa da totuwar masara sun isa.

Yadda A Ke Yinsa

A sami tsohuwar garwa a huhhuda ta, a kafa mata bututun hayaƙi a bisa. A hura wuta a ƙasa, a kife garwar a kai, sa'an nan a tula busasshen ɓuntu kewaye da ita. Wuta za ta riƙa cinsa daga ciki. Duk inda baƙi ya bayyana a rufe da sabon ɓuntu. In duka ya yi baƙi, a baza shi a kashe da ruwa nan da nan, gama in aka yi sakaci sai ya koma farar toka. Lokacin huɗa a ke binne shi, don in an bar shi a sarari ruwa ya kan tafi da shi.

A gwajin nan na IRRI wajen tan 41 aka zuba a kadada guda. Babu talakan da zai iya wannan a shekara ɗaya, ba kuwa a ce lalle sai an yi haka ba. Tun da ba ya ruɓewa, abin da aka zuba bana yana nan baɗi, sai ƙari. A fara da wurin renon iri. Sa'an nan a ware fangali biyu masu girma ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya, a sa wa guda gawayi a bar guda. Ran girbi a auna kowanne da kwano, wanda ya iya rubutu ya rubuta, a yi haka shekara uku a jere. Masu injin casa kuma su dubi tulin nan na bayan gida, watakila akwai ciniki a ciki.

Gonar gado amana ce, kyanta a miƙa ta ga 'ya'ya da ƙarfinta. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.