Bakin Bindigar Kifi: A San Awo Kafin a Karɓi Sautu

Jama'a, akwai bindigar da ba ta cin harsashi ko albarushi. Masu nutso a teku ne ke kamun kifi da ita, a Bahar Rum, Afirka ta Kudu da Senegal. Roba ce ke cilla mashin ƙarfe, kamar yadda danƙo ke jefa dutse, mashin kuma yana ɗaure da igiya.

Bakinta, wato abin da ake cusawa a ƙarshen bututun, shi ke riƙe roba, ya saita mashi. Iri uku aka fi sani. Rufaffe yana da zobe a kan mashin, ya fi sauƙi ga sabon hannu. Buɗaɗɗe kuwa igiya ce ke danne mashin, mai harbi na ganin saitinsa sarai. Na uku mai ƙananan tayoyi ne, roba na zagaya su, sai gajeriyar bindiga ta samu ƙarfin doguwa. Shi ya sa wasu masunta ke sa a ƙera musu baki na musamman.

To 'yan kasuwa, in an ba ku sautunsa a Kwatano ko Lome, ku tambayi awo. Faɗin bututu galibi milimita 28 ne ta waje, amma ramin ciki wani 25, wani 26. In bai shiga daram ba, kuɗi sun tafi. Ku duba tsaga kuma, don in baki ya ɓalle, fuska robar ke dawowa. Kada kuma a ɗana ta a tudu, sai cikin ruwa.