Yadda Maroko Ta Sabunta Dokar Iyali

Manufar Maroko kan daidaita haƙƙin mata da maza ta taso ne daga dokar iyali da ake kira Mudawwana. An rubuta ta tsakanin 1957 da 1958, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, bisa mazhabar Malikiyya, wadda ita Hausawa ma ke bi. A waccan dokar, mace ba ta aure sai da waliyyi, saki yana hannun miji, kuma ana iya aurar da 'yar shekara 15.

A 1992 wata ƙungiyar mata ta shiga tattara sa hannun mutum miliyan ɗaya don neman gyara. Sarki Hassan na Biyu ya yi wa dokar kwaskwarima a 1993. Gyaran bai taka kara ya karya ba, amma ya nuna cewa dokar aikin mutane ce, ana iya taɓa ta.

Ƙura ta tashi a 1999, da gwamnati ta fito da shirin sa mata cikin harkokin raya ƙasa. Ranar 12 ga Maris 2000 magoya bayan shirin suka yi gangami a Rabat, masu adawa suka yi nasu a Casablanca, suna cewa aro ne daga Turai. Shirin ya tsaya cik.

Sarki Muhammad na Shida ya bi wata hanya daban. Ya kafa kwamitin da ya haɗa malamai da alƙalai, har da mata uku. A Oktoban 2003 ya gabatar da gyare-gyaren gaban majalisa da matsayinsa na Amirul Muminina, yana kafa hujja da ayoyi da hadisai. Abin da aka ƙi daga bakin 'yan boko, sai aka karɓa da ya zo da harshen fiƙihu. Sabuwar dokar ta fara aiki a 2004. Shekarun aure suka koma 18, baligar mace ta samu ikon ɗaura aurenta da kanta, riƙon gida ya zama na miji da mata tare. Saki sai a gaban kotu, ƙarin aure kuma sai da izinin alƙali. Rabon gado dai kusan ba a taɓa shi ba.

Sauran matakai sun biyo baya: daga 2007 uwa na iya bai wa 'ya'yanta shaidar zama 'yan ƙasa, tsarin mulkin 2011 ya tanadi daidaito a sashe na 19, a 2018 aka yi dokar hana cin zarafin mata.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiwatarwa. Dokar ta bar wa alƙali damar amincewa da auren wadda ba ta kai 18 ba, kuma dubban irin waɗannan buƙatu ake amincewa da su duk shekara, musamman a karkara. A Satumban 2023 sarki ya ba da umarnin sake duba dokar, aka fitar da shawarwarin gyara a Disambar 2024.