Kai Bayanai Gajimare: Lissafin Riba Da Faɗuwa Daga Gombe

A watan Afrilun 2024, ɓarayi suka lalata turaku huɗu na babban layin lantarki da ya taso daga Jos zuwa Gombe. Garin ya shafe makonni cikin duhu. A watan Oktoba na shekarar aka sake maimaitawa, wannan karon tare da yawancin jihohin Arewa. Duk ofishin da ke da babbar kwamfutar adana bayanai a ɗaki ya san abin da ya biya, domin na'urar ba ta barci, ba ta jure zafi, kuma lita guda ta man dizal ta haura naira 1,000.

Daga nan ne tambayar ta ƙara ƙarfi a wajen masu asibitoci, makarantu masu zaman kansu da manyan dillalan hatsi na Tudun Hatsi: a ci gaba da riƙe na'ura a gida, ko a koma abin da ake kira gajimare? Sunan ne kawai ke sama. A zahiri haya ce ta gurbi a rumbun kwamfutocin wani kamfani, a Legas, Abuja ko Afirka ta Kudu, ana shiga ta intanet ana biya gwargwadon amfani.

Ribar a bayyane take. Ba sayen na'ura a dunƙule, ba kwana da janareta, ba fargabar gobara ko ɓarawo ya tafi da bayanan shekara goma a dare ɗaya. Makarantar da aikinta ke cunkushewa lokacin rajista kaɗai za ta ƙara gurbi na wata guda, ta rage bayan haka.

Sai dai lissafin yana da ƙaya, kuma ƙayar dala ce. Kafin Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance kan kusan naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ke biyan dala 500 a wata ya tashi daga naira 230,000 zuwa sama da 750,000, bai ƙara ko fayil ɗaya ba. A farkon 2025 kamfanin Amazon ya fara karɓar naira daga masu hayarsa a Najeriya, abin da ya sauƙaƙa hanyar biya, amma farashin har yanzu dala yake bi. Ga harajin kaya na kashi 7.5, ga kuɗin fitar da bayanai, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Shiga da sauƙi, fita da wuya.

Akwai kuma igiyar da komai ya rataya a kanta. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gabar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice. A Gombe ba sai an je teku ba. Motar gyaran titi ta tsinke waya ya isa ma'aikacin asibiti ya koma ga biro da kati, alhali bayanan majiyyacin na can lafiya lau a Legas.

Ga ma'aikacin tarayya, zaɓin ba a hannunsa kaɗai yake ba. Tun 2019 hukumar NITDA ta fitar da manufar da ke umartar ma'aikatu su fara duba gajimare kafin sayen na'ura, tare da sharaɗin cewa bayanan sirri na gwamnati su zauna cikin ƙasa. Kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone yana da rumbuna a Abuja da Kano don wannan. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora alhaki a kan wanda ya tattara bayanan, ko da wani ne ke ajiye masa. Haya ba ta sauke wannan nauyi.

Abin da ya fi dacewa da gari irin Gombe, bisa ga dukkan alamu, raba ƙafa ne: wasiƙu, takardun albashi da kwafin ajiya su tafi gajimare, aikin da ba ya jiran intanet, kamar rajistar marasa lafiya, ya zauna a ƙaramar na'ura mai aiki da sola, tana aika kwafi idan layi ya dawo. Kafin sa hannu kuwa, jami'in kuɗi ya nemi farashin shekara uku a rubuce, da kuɗin da za a biya ranar da aka ce an fasa.