Allurar Kitse A Fuska: Ki Yi Tunani Kafin Ki Amince

'Yar'uwa mai karatu, wataƙila kin ji labarin aikin gyaran fuska da ake zuƙo kitse daga ciki ko cinyar mace, a tace shi, sannan a yi mata allurarsa a kumatu, goshi ko ƙasan ido, domin fuska ta ciko, yamushewar fata ta ɓace. Masu tallar aikin kan ce tunda kitsen jikinki ne, babu abin da zai same ki. Wannan magana da sauranta.

Aikin ba sabo ba ne. Tun a 1893 wani likita Bajamushe, Gustav Neuber, ya cike tabon fuska da kitse, kuma har yau ana taimaka wa waɗanda suka ƙone ko suka yi hatsari da shi. Abin tsoron shi ne inda kitsen zai faɗa.

Jijiyoyin jinin fuska a haɗe suke da na ido da na ƙwaƙwalwa. Idan bakin allura ya huda jijiya, kitse na iya bin ta ya toshe hanyar jinin da ke zuwa ido. Nan take gani zai ɗauke, kuma galibi ba ya dawowa. In ya kai ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Wani nazari na 2015 ya tattara bayanan mutum 98 da ganinsu ya taɓu bayan allurar cike fuska, kusan rabinsu kitse aka yi musu. Tsakanin gira da hanci su ne wuraren da suka fi hatsari. Wasu sinadaran cike fuska suna da allurar da ke narkar da su, amma kitse ba shi da ita.

Akwai kuma shigar ƙwayoyin cuta, da ƙulli a ƙarƙashin fata. Jiki kan shanye wani sashe na kitsen, har ɓari guda ya fi ɗaya cika.

Don haka kada ki yarda a yi miki wannan aiki a shagon kwalliya ko a gida. Sai a asibiti, a hannun ƙwararren likitan tiyata mai rajista. Ki gaya masa in kina da juna biyu, ciwon sukari, ko kina shan maganin tsinka jini. Idan bayan allura kika ji ciwon ido mai tsanani, gani ya dushe, baki ya karkace ko fata ta sauya launi, a garzayo da ke sashen gaggawa, kada a jira gari ya waye.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya ƙara mana ita.