Faifan Céline Dion na Faransanci da ya ci kasuwa

Ɗalibai da masu shagunan aski a Yelwa, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, sun san muryar Céline Dion ta waƙar fim ɗin Titanic na 1997. Da yawansu na ɗauka Baturiyar Ingila ce ko Ba'amurkiya. A'a, 'yar Kebek ce a ƙasar Kanada, an haife ta a 1968, kuma da Faransanci ta fara waƙa.

A 1995 ta fitar da faifan D'eux, wanda Jean-Jacques Goldman ya rubuta yawancin waƙoƙinsa. Har yau babu faifan Faransanci da ya kai shi ciniki. Da shi ta zaga tana wasa, aka naɗi wasanta na zauren Zénith a birnin Paris, aka fitar da shi a 1996 da sunan Live à Paris.

Irin wannan faifai ba a ɗakin naɗar sauti ake haɗa shi ba. A gaban jama'a ake ɗauka, da tafinsu da shewarsu, kamar kaset ɗin Mamman Shata da aka naɗa a filin wasa. A nan ne ake gane mawaƙi na gaske, don murya ba ta da wurin ɓuya.

Faifan Live à Paris ya hau matsayi na ɗaya a Faransa, ya kuma ci lambar yabo ta Juno a Kanada a 1997. Mai koyon Faransanci ya neme shi ya saurara.